Mastas kan haɗarin bala'o'i da juriya: karatu ne mai tushe ko tsince-tsince?

Sabo_Injiniya
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sani a cikinmu ku taimaka min da shawara. Na gama digirin farko a injiniyan gine-gine, ɓangaren ruwa na fi karkata, yanzu ina son tafiya mastas. Hanya biyu ce a gabana, ko dai in ci gaba da injiniyan ruwa zalla, ko in shiga kwas ɗin nan da ake ta yayi na rage haɗarin bala'o'i da juriya, wanda ake tara ɗalibai daga fannoni daban-daban a aji ɗaya. Na duba darussan, akwai taswira da GIS wato sarrafa taswira a kwamfuta, akwai lissafin yiwuwar aukuwar abu, akwai halayyar jama'a, akwai tattalin arziki da inshora, har da tsare-tsaren gwamnati. Abin ya burge ni amma kuma ya ba ni tsoro, don wani malamina ya ce min taura biyu ba ta taunuwa balle biyar, wai zan fito na san komai kaɗan-kaɗan ban ƙware a komai ba. Wanda ya yi ko ya san wanda ya yi don Allah ya faɗa min gaskiya kar a rufe ni.

Baffa_Kwamanda
Wa alaikumus salam. Ka riƙe maganar malaminka da kyau yaro. Ranar da za a ba mutum aikin zana dam ba wanda zai tambaye shi ra'ayinsa kan halayyar jama'a, lissafinsa za a duba. Yi injiniyan ruwanka ka ƙware, sauran ka karanta su da daddare a ɗakinka.

Zee_Taswira
Baffa da girmanka amma a nan kam ban bi ka ba. Ni na yi irin kwas ɗin, daga labarin ƙasa na shigo, kuma darasin da aka buɗe mana da shi ya isa amsa. A 1985 dutsen Nevado del Ruiz a Kolombiya ya yi aman wuta, zafin ya narkar da ƙanƙarar da ke kansa, laka ta gangaro ta binne garin Armero, mutum kusan 23,000 suka rasu a abin gaba ɗaya. Alhali masana duwatsu sun riga sun fitar da taswirar haɗarin kusan wata guda kafin nan, kuma taswirar ta nuna ƙarara Armero na kan hanyar lakar. Bayan dutsen ya fashe ma sai da lakar ta ɗauki sama da awa 2 kafin ta iso, lokacin da ya ishi mutane su hau tudu ko da ƙafa ne. To me ya gaza? Ba ilimin duwatsu ba ne. Tsakanin mai zana taswira da mai ba da umarnin kwashe mutane da mai magana a rediyo da talakan da aka ce ya kwantar da hankalinsa ya zauna a gida, a nan abin ya zube. Wannan tsakanin kuwa babu shi a manhajar kowane sashe shi kaɗai.

Baffa_Kwamanda
To 'yata wannan ai sakacin gwamnati ne, me ya haɗa shi da ɗan mastas?

Zee_Taswira
Gwamnatin ai mutane ne Baffa, dole wani ya zauna a kujerar. Gara wanda ya iya karanta taswirar kuma ya san yadda zai faɗa wa jama'a su ji.

Malam_Lissafi
Sabo ni ba zan ce maka yi ko kar ka yi ba, cewa zan yi ka binciki kwas ɗin kansa, don suna ɗaya suke amsawa amma ba ɗaya ba ne. Akwai wanda za ka shekara ana haska maka hotuna a bango ana maimaita manyan kalmomi ka fito ba ka iya lissafa komai ba, akwai kuma wanda za a matse ka sai ka yi gumi. Ga gwaji mai sauƙi, ka nemi wanda ya gama a wurin ka tambaye shi me ake nufi da ambaliyar shekara 100. In ya ce maka sau ɗaya take zuwa duk shekara 100 to ka kama gabanka. Abin da ake nufi, kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo, ko bara ta zo bana ma tana iya dawowa. Kuma wanda zai zauna a wurin shekara 30, yiwuwar ta same shi aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 26 cikin 100, ka ga ya wuce ɗaya cikin huɗu. Shi kansa lissafin a kan tsoffin alƙaluman ruwan sama aka gina shi, yanzu kuwa yanayi na sauyawa, birane sun cika da siminti da kwalta ruwa ba ya samun inda zai nutse, don haka tsohon adadin ma yana iya yaudararka.

ɗan_adawa01
Hhhh ku dai faɗi gaskiya, kwas ɗin neman aikin NGO ne. A koyi rubuta takardar neman tallafi da turanci mai santsi, a je taron bita a otal a ɗauki hoto a dawo. Ban ce haramun ba ne fa, amma a daina yi masa ado.

Dr_Jibo
Ɗan adawa akwai ƙamshin gaskiya a maganarka amma ka yi wa kowa kuɗin goro. Fannin nan ya girmi yayin da kake magana a kai. Jami'ar Kyoto ta Japan ta buɗe cibiyar binciken kariya daga bala'o'i tun 1951. A Amurka masana halayyar jama'a sun kafa tasu cibiyar a jami'ar Ohio State a 1963, daga baya ta koma Delaware a 1985, su ne suka riƙa zuwa inda abu ya faru suna zama da mutane suna tambayarsu, har suka gano cewa yadda ake zaton jama'a za su ruɗe su yi ta tattake juna ba kasafai yake faruwa ba, yawanci maƙwabta ne ke fara ceto tun hukuma ba ta iso ba. Girgizar ƙasar Kobe ta 1995 ta nuna haka, mafi yawan waɗanda aka zaƙulo da rai daga ɓaraguzai 'yan uwa da maƙwabta ne suka zaƙulo su.

Kai kuma Sabo ga wanda ya shafe ka kai tsaye. Gilbert White, masanin labarin ƙasa ne, tun shekarun 1940 ya nuna cewa in aka gina ganuwar tare ruwa mutane sukan saki jiki su cika bayanta da gidaje da shaguna, ranar da ruwa ya fi ƙarfinta ɓarnar ta fi wadda za a yi da ba a gina ta ba. Injiniya ya yi aikinsa daidai, lissafinsa bai kuskure ba, amma aikin nasa ya sauya inda mutane ke zama. In ba a taɓa zaunar da kai an nuna maka wannan ba, za ka yi ta gina abin da ke tara mutane a bakin haɗari kana ganin taimako kake.

Ummu_Hanifa
Wlh maganar Dakta haka take har a ɓangarenmu na lafiya. Lokacin Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo daga 2014 zuwa 2016, sama da mutum 11,000 suka rasu, kuma wankan gawa da jana'iza na cikin manyan hanyoyin yaɗuwarta. Da farko zuwa ake yi da fararen kaya a ɗauke gawa dangi ba su ga inda aka kai ta ba, sai mutane suka koma ɓoye marasa lafiya. Sai da aka shigo da masana al'adu da malaman addini da shugabannin gari aka tsara yadda za a binne mutum cikin kariya kuma cikin mutunci, dangi na gani daga nesa ana masa addu'a, sannan mutane suka fara ba da haɗin kai. Likita ya san ƙwayar cutar sarai, abin da bai sani ba shi ne me ya sa uwa za ta ɓoye ɗanta.

Nura_BK
Misalin da ya fi kowanne a wurina girgizar ƙasar Haiti da ta Chile ne, shekara ɗaya 2010, wata ɗaya da rabi tsakani. Ta Haiti maki 7.0, ta Chile maki 8.8, wato ƙarfin da ta Chile ta saki ya ninka na Haiti kusan sau 500. Amma a Chile mutum 500 da 'yan kai suka rasu, a Haiti kuwa gwamnati ta ce sama da 300,000, ko masu binciken da suka ce adadin bai kai haka ba dubun dubata suke ƙirgawa. Talauci da rashin dokar gini su suka kashe mutane ba girgiza ba.

Girgiza_7
Yaya Nura a yi hattara da wannan kwatancen, ana yawan kawo shi amma ana tsallake rabinsa. Ta Haiti ba ta da zurfi a ƙasa kuma kusan kilomita 25 ce kacal daga Port-au-Prince inda mutane suke cunkushe, ta Chile ta fi zurfi kuma cibiyarta a gefen teku take. Maki kaɗai ba ya faɗa maka irin jijjigar da gini ya sha. Dokar gini ta taimaki Chile ba musu, sun koyi darasi tun girgizar 1960 mai maki 9.5, wadda ita ce mafi girma da aka taɓa aunawa. Amma su ma a 2010 ɗin sun yi tuntuɓe wajen gargaɗin igiyar sunami, aka samu ruɗani tsakanin hukumomi har aka janye gargaɗin, mutane da dama a bakin teku ruwa ne ya ci su. Kuma ka ga irin wannan gyaran da na yi maka, wanda bai karanci girgizar ƙasa da zurfi ba ba zai iya yinsa ba, don haka ni ina tsakiya, Baffa ma yana da hujja.

Nura_BK
Duk da haka dai ginin ne ya faɗo wa mutane, kuma mutum ne ya gina shi.

Alhaji_Tanko
Ni duk wannan lissafin naku mamaki yake ba ni. Abin da Allah ya ƙaddara ai ba digirin da zai tare shi. Allah dai ya kiyaye mu kawai.

Ustaz_Mu'azu
Amin Alhaji, amma ƙaddara ba ta hana ɗaukar mataki ba. Annabi Yusuf alaihis salam da aka sanar da shi shekara 7 na yalwa da shekara 7 na fari, ai ba naɗe hannu ya yi ba, tsari ya kawo na ajiye hatsi a zangarniyarsa. Sayyidina Umar da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke juyawa ya yi, da aka ce masa gudun ƙaddara yake, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Neman ilimin da zai rage asarar rayuka yana cikin riƙo da sababi.

Alhaji_Tanko
Na ji Malam, Allah ya ƙara sani.

Admin_Garba
Jama'a mu dawo kan tambayar bawan Allah, ya zo neman shawarar karatu ne.

Sabo_Injiniya
Na gode ƙwarai, ina bin kowa a hankali. Aunty Zee da Dakta kun sa na ƙara son abin, amma maganar Baffa ce ke hana ni barci. In na gama wane aiki zan nema? Kamfanin gini zai ga takardata ya ce wannan ba injiniya ba ne sosai, masu aikin jama'a kuma su ce wannan injiniya ne ba namu ba.

Hauwa_Inshora
Ƙanina ka manta da mu. Ɓangaren inshora na cikin masu ɗaukar irin waɗannan mutanen, musamman wanda ya zo da tushen injiniya. Tun bayan guguwar Andrew ta 1992 a Florida, da kamfanonin inshora da dama suka durƙushe don ba su taɓa zaton asara za ta kai haka ba, aka rungumi lissafin kwamfuta mai kwaikwayon bala'i. Sassa uku ake haɗawa, yadda abin zai zo da ƙarfinsa, me ke kan hanyarsa na gidaje da mutane da dukiya, sannan yaya kowane irin gini zai jure. Na farko aikin masanin yanayi ko ruwa ne, na biyu na mai taswira, na uku naka ne, a ƙarshe mu mu mayar da shi kuɗi.

Bari in ba ka labarin da ke nuna inda ake faɗuwa. Tarayyar Afirka ta kafa hukumar inshorar bala'i ta ARC a 2012, ƙasa ta biya kuɗin inshora, in tauraron ɗan adam ya nuna ruwan sama ya gaza wani ma'auni sai a biya ta nan take ba sai an je ƙirga gonaki ba. A 2015 an biya Senegal da Nijar da Muritaniya sama da dala miliyan 26. Amma a 2016 fari ya kama Malawi, miliyoyin mutane na buƙatar abinci, kwamfuta kuwa ta ce abin bai kai a biya ba. Da aka koma aka bincika a ƙasa sai aka gano an saka wa lissafin irin masara mai daɗewa a gona, alhali manoma da yawa sun koma shuka mai saurin nuna, kuma yankewar ruwan ta zo daidai lokacin da wannan irin ya fi buƙatarsa. Aka gyara, aka biya kusan dala miliyan 8 a farkon 2017, bayan lokacin da aka fi buƙatar kuɗin ya wuce. Tauraro bai yi ƙarya ba, lissafi bai yi ƙarya ba, ba a tambayi manomi me ya shuka ba ne kawai.

ɗan_adawa01
To wannan ai malamin gona ɗaya ya isa ya faɗa musu, ba sai an yi mastas ba hhh

Hauwa_Inshora
Eh, in akwai wanda ya san ya kamata a kira malamin gonan. Wannan mutumin muke magana a kai.

Baffa_Kwamanda
Ku tsaya ku ji. Derna ta Libiya, Satumban 2023, dam biyu suka fashe da daddare bayan guguwar Daniel, dubban mutane suka tafi, wasu har yau ba a ga gawarsu ba. Tun shekarun 1970 aka gina su, an daɗe ba a gyara ba, kuma wani masanin ruwa ɗan ƙasar ya wallafa bincike a 2022 yana gargaɗin cewa in babbar ambaliya ta zo garin na cikin haɗari. Wanda ya hango abin ƙwararre ne a fanni ɗaya, ba mai tsince-tsince ba. Waɗanda suka ƙi ji kuwa ko digiri goma na juriya ka ba su ba za su ji ba, ƙasa ce ta rabu gida biyu ana rikicin mulki. Haka Turkiyya a 2023, dokar gini na nan a rubuce mai kyau, amma an yi ta yafe wa gine-ginen da suka saɓa mata, sama da mutum 50,000 suka rasu a can da Siriya. Ilimi bai yi ƙaranci ba, aiki da shi ne babu. Sannan Sabo ka sani, hukumomin da ke yi wa injiniyoyi rajista takardar injiniya da ƙwarewar aiki suke dubawa, ka tabbatar hanyar da za ka bi ba za ta nisanta ka da hatiminka ba.

Zee_Taswira
Baffa ai hujjata ka kawo da bakinka. Masanin ya rubuta a mujallar da 'yan uwansa masana kaɗai ke karantawa, daga nan zuwa teburin mai sakin kuɗin gyara akwai tafiya, kuma wannan tafiyar ita ma ilimi ce, ana koyon ta.

Baffa_Kwamanda
Ana koyon ta a aji? Allah ya ba da sa'a.

Dr_Jibo
Ku bar ni in shiga tsakani da abin da na gani a matsayina na mai duba ɗalibai. Tsari biyu ake yi. Na farko digirin gaba ɗaya sunansa na bala'o'i ne, kowa ya baro sashensa ya zo. Na biyu, wanda wasu jami'o'in Amurka suka fi yi, kana nan a sashenka na injiniya, digirinka na injiniya ne, amma kana ɗaukar wasu darussa tare da 'yan tsara birane da 'yan tattalin arziki da 'yan halayyar jama'a, ku yi aikin rukuni kan matsala ɗaya, a ba ka ƙarin shaida a kai. Ga mai irin tsoronka Sabo na biyun ya fi kwanciyar hankali.

Amma kar a ɓoye maka wahalarsa. Kundin bincikenka zai samu masu dubawa biyu daga sassa biyu, kuma sau da yawa ba su yarda da juna ba kan me ake kira hujja. Na taɓa zama a kwamitin wata ɗaliba da ta yi hira mai zurfi da mutanen da suka ƙi tashi daga bakin kogi, injiniyan cikinmu ya ce wannan ai labari ne ina alƙaluma, masanin jama'a kuma ya kalli taswirar ambaliyarta ya ce ina mutane a ciki. Yarinya ta yi ta kai da komo tsakanin ofis biyu har aikin ya ja mata lokaci fiye da na abokan karatunta. Mai jarrabawa na waje ma sai an sha wuya kafin a samu wanda zai fahimci ɓangarorin biyu. Don haka kafin ka karɓi gurbi ka tambaya, malaman nan sun taɓa wallafa bincike tare? In ba su taɓa ba, to sunayensu kawai aka jera a takardar talla, kai ne za ka zama igiyar da za su riƙa ja.

Barista_Ladi
Ina karantawa ina jin daɗi, bari in ƙara ɓangaren shari'a don ba wanda ya taɓo shi. A L'Aquila ta Italiya girgizar ƙasa ta kashe mutum 309 a Afrilun 2009. Kwanaki kaɗan kafin nan kwamitin masana ya zauna kan ƙananan girgizar da ake ta ji, saƙon da ya isa kunnen jama'a kuma mai kwantar da hankali ne, wasu da suka saba kwana a waje in ƙasa ta motsa suka zauna a gida. A 2012 kotu ta yanke wa masana 6 da jami'in gwamnati 1 ɗaurin shekara 6, a 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke masanan ta rage wa jami'in. Ba wanda ya iya faɗin ranar girgizar ƙasa, wannan kowa ya sani. Rigimar a kan yadda aka faɗi abin da ba a da tabbas a kai ne. Duk kwas ɗin da ba ya koyar da wannan da saura.

ɗan_adawa01
Duk na ji. Amma tun yaushe Majalisar Ɗinkin Duniya ke taro kan rage haɗarin bala'o'i? Yokohama 1994, Hyogo 2005, Sendai 2015 wai zuwa 2030, manufofi 7 da abubuwan fifiko 4, ɗalibai na haddacewa suna cin jarrabawa. Ga 2030 ta ƙarato, me ya canza?

Girgiza_7
Bangladesh ta canza. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta 1991 kusan 138,000, Sidr ta 2007 da ita ma babba ce alƙaluman hukuma kusan 3,400. Ba abu ɗaya ya kawo haka ba, hasashen yanayi ya inganta, an gina mafaka masu bene da ake amfani da su a matsayin makarantu sauran lokaci, ga dubun dubatan 'yan sa kai masu yawo da lasifika da tuta. Har da lura da cewa a 1991 mata sun fi maza mutuwa nesa ba kusa ba, sai aka ƙara mata cikin 'yan sa kai, da kuma lura da cewa mutum ba zai tafi ya bar shanunsa ba, sai aka tada tuddai na ajiye dabbobi. Ka nuna min sashe ɗaya na jami'a da zai kawo duk wannan shi kaɗai.

Maman_Iman
Ni ba 'yar boko ba ce sosai amma na taɓa jin labarin tsibirin Simeulue a Indonesiya lokacin sunamin 2004 da ya kashe sama da mutum 220,000 a ƙasashe da yawa. Tsibirin na kusa da inda girgizar ta tashi amma waɗanda suka rasu a can ba su kai 10 ba cikin mutum sama da 70,000, saboda tun abin da ya same su a 1907 kakanni ke faɗa wa jikoki in ƙasa ta girgiza teku ya ja baya a gudu tudu. Su wa ya ba su mastas? Ina fata dai masu karatun suna zama su saurari irin waɗannan.

Zee_Taswira
Maman Iman ana koyar da shi sosai, amma gaskiya saurare a aji daban, saurare a fili daban, da yawa da takardar tambayoyi suke zuwa su cike su tafi.

Mai_Neman_Sikolashif
Don Allah a ina ake yin kwas ɗin mai kyau? Ni ma ina sha'awa.

Dr_Jibo
Wuraren da aka sani a fannin akwai jami'ar UCL a Landan da suka buɗe cibiyarsu a 2010, akwai jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a Bonn ta Jamus da ke yin mastas tare da jami'ar Bonn, akwai tsangayar ITC ta jami'ar Twente a Holan in taswira da tauraron ɗan adam kake so, akwai Kyoto da Tohoku a Japan, ita Tohoku bayan sunamin 2011 ta buɗe tata cibiyar a 2012. A Afirka kuma akwai haɗakar jami'o'i ta Periperi U da ta taimaka aka buɗe irin waɗannan kwasa-kwasan a ƙasashe da dama. Amma suna ba shi ne ba, ka buɗe kundayen ɗaliban da suka gama ka ga me suka yi da hannunsu.

Sabo_Injiniya
Dakta in na samu irin tsari na biyun zan fi so, amma inda na samu gurbi na farkon ne kawai suke yi. Baffa kuma har yanzu maganar hatimi na raina.

Baffa_Kwamanda
To ka fara aiki tukuna ka samu rajistarka, kwas ba gudu zai yi ba. Wanda ya taɓa tsayawa a kan aiki ya ga yadda ɗan kwangila ke rage rodi ya fi fahimtar darasin rauni fiye da wanda ya fito daga aji ya faɗa aji.

Hauwa_Inshora
Wannan kam na yarda da Baffa rabi. Amma in da tallafin karatu a hannu yanzu ban ga dalilin sakinsa ba, ba kullum ake samu ba.

Rabi_Sosho
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni matsalata kishiyar ta Sabo ce, halayyar jama'a na karanta, lissafi kuwa tun sakandare muka raba gari. Malam Lissafi in na shiga zan kai labari kuwa?

Malam_Lissafi
Za ki kai Malama Rabi in kin fara shiri tun yanzu, ba lissafin injiniya za a nema a wurinki ba. Ki koyi ƙididdiga ta farko da lissafin yiwuwa har ki iya fitar da kashi 26 ɗin can da na faɗa da kanki. Ki sauke manhajar taswira ta QGIS kyauta ce, ki ɗora taswirar kogi a kan ta gidaje ki ga su wa ke ciki. Ki leƙa rumbun bayanan bala'o'i na EM-DAT na jami'ar Louvain a Beljiyam, ki lura ba ya shigar da abu sai mutum 10 sun rasu, ko 100 abin ya shafa, ko an ayyana dokar ta-ɓaci, ko an nemi agajin waje, sai ki tambayi kanki ina ƙananan ambaliyar da ke cinye jarin talaka duk shekara suke shiga. Wannan tambayar ku ne kuka fi mu iya bin ta. Sabo kai kuma HEC-RAS za ka riƙe, manhajar lissafin gudun ruwan kogi da ambaliya, ita ma kyauta ce, ko wanne ka zaɓa cikin kwasa-kwasan biyu za ta yi maka amfani.

ɗan_adawa01
In duk kyauta ne a intanet to kuɗin makarantar na mene ne?

Zee_Taswira
Kai dai ba ka gajiya wlh. Rabi ki min magana ta inbox in turo miki manhajar da muka bi ki gani da idonki.